Motar Burodin Belmiro Ta Tsaya

Soutelo, Oktoba 1997

Idalina tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da kare da kajinki. Ina fata gajiyar hanyar Faransa ta sake ki, kuma 'yarmu Graciete tana samun ƙarfin jiki bayan haihuwa. Allah ya raya mana tagwayen nan. Hotonsu na jingine shi a jikin kwalbar man zaitun, ina cin abinci suna kallona. Kin ce na dama ya ɗauko hancina. Ki ba shi haƙuri, ki ce masa kakansa ma da wannan hancin ya samu mata.

Gida lafiya lau. Na haƙe dankali, ya yi albarka. Na hau rufi na toshe inda ruwa ke ɗiga a kan gadonmu, wanda kika daɗe kina mita a kai. Na yi wa ƙofar lambu fenti, na kuma gyara akurkin kaji. Miyar kabeji na gwada dafawa sau biyu. Ta farko kare ya shinshina ya dube ni ya fita waje. Ta biyu na shanye don kada a ce na kasa.

Kada ki yi gaggawar dawowa. Jego da 'ya'ya biyu ba wasa ba ne, mijinta Armindo kuma yana wurin aiki duk yini. Ki zauna har sanyi ya wuce.

Ki gaishe su duka. Ki riƙa sa rigar sanyinki.

Mijinki,
Belmiro

*

Clermont-Ferrand, Oktoba 1997

Baban Graciete,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da kana lafiya. Mu ma nan lafiya, yara suna tsotso kamar an aiko su.

Yanzu ka zauna ka saurare ni. Mutumin da ke tashi tun zakara bai yi cara ba ya ɗora burodi a mota, ya zagaye ƙauyukan kan dutse, ya dawo ya faɗi a kujera da takalmi a ƙafa, yaushe ya samu lokacin rufi da fenti da akurki? Na karanta wasiƙar nan sau uku. Ka ba ni labarin kare, ka ba ni labarin kaji. Ba ka ambaci mota ba, ba ka ambaci gidan burodi ba, ba ka ce mai gidan burodin, amininka Delfim, yana gaishe ni ba. Kai da ba ka iya buɗe baki ba tare da ka ce wace tsohuwa ce ta tsare ka da surutu a bakin hanya ba.

Sai ga maƙwabciyarmu Ermelinda ta bugo wa Graciete waya don yi mata barka. A ƙarshe ta ce, "Allah ya ƙara wa babanki lafiya, na ga motarsa ta kwana biyu ba ta motsa daga gindin bishiya ba."

Belmiro, in ciwo ne ka gaya mini. In hatsari ka yi ka gaya mini. Na haura shekara talatin ina wanke maka safa, babu abin da za ka ɓoye mini da ya fi wannan wari.

Ina jiran amsa, kuma ban son jin labarin kaji.

Matarka,
Idalina

*

Soutelo, Nuwamba 1997

Idalina,

Bayan gaisuwa, lafiyata ƙalau, motar ma lafiyarta ƙalau. Aikin ne babu. Ban so ki ji kina tsakiyar hidimar jego ba.

Kin san tun da ƙafafun Delfim suka fara kumbura ya miƙa wa ɗansa Rogério gidan burodin. Mako guda bayan tafiyarki na je ɗaukar kaya kamar kullum, na tarar da wata farar mota ƙatuwa a inda nake tsayawa, yara biyu da ban sani ba suna loda kwandunana. Rogério ya fito yana goge hannu ya ce, "Kawu Belmiro, yau ka huta. Muna gwada wani tsari ne. Zan kira ka."

Na koma gida na jira. Ba kira. Na zauna kusa da wayar nan kamar budurwa. Da na gaji na koma na same shi a ofis na ce, "Rogério, in kora ce ka faɗa mini in sani."

Ya ce, "Haba kawu, yaya za a kori wanda ba a ɗauka aiki ba? Kai mai zaman kanka ne. Motarka ce, koren rasit ɗinka na masu aikin kansu kake yanka mana duk wata. Da akwai aiki mun ba ka, yanzu babu. In ya samu za mu neme ka."

Na ce, "Kusan shekara talatin fa."

Ya ce, "Kuma duk an biya ka, ko akwai watan da ba a biya ba?"

Babu, Idalina. Na tsaya riƙe da hula a gaban yaron da na koya wa tuƙi a filin makaranta, sannan na juya na fita.

Ya ba wani kamfani daga Chaves aikin. Su shaguna kawai suke kai wa, inda kwalta ta kai. Ƙauyukan sama ba sa hawa. Tsohuwa Custódia ta aiko jikarta ta tambaye ni ko na mutu ne ba a gaya mata ba.

Delfim kuwa ba mu haɗu ba. Na je gidansa sau ɗaya aka ce yana barci. A coci ya zauna can gaba, ya fice ta ƙofar gefe.

Kada ki damu. Muna da dankali, muna da kaji, ga ki nan kin ce ba ki son labarinsu.

Ki sumbaci yaran.

Belmiro

*

Clermont-Ferrand, Nuwamba 1997

Tsohona,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje. Na yi kuka da na karanta, ba don aikin ba, don na tuna ka kai kaɗai a wannan ɗakin girki kana kallon waya. Da na share hawaye sai raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba.

An ci moriyar ganga ke nan za a ya da kwaurenta? Wa ya hau dutsen nan a shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya, ya ƙarasa da ƙafa da buhu a kafaɗa? Wa ya ƙi zuwa bikin ƙanwarsa a Braga saboda Delfim ya ce ba mai riƙe masa hanya? Mai zaman kansa! Wane kai ka zauna?

Na karanta wa Armindo wasiƙar. Kada ka yi fushi, surukinka ne, kuma yana cikin ƙungiyar ƙwadago a masana'antarsu. Ya ce shi dokar Faransa ya ɗan sani, ba ta gida ba, amma ya ce ko'ina alƙali ba sunan da aka rubuta a rasit kawai yake dubawa ba, yana duba yadda aikin yake a zahiri. Ya ce ka je ofishin ƙungiya a Chaves, suna da lauya da ke sauraren mutane. Tambaya ba ƙara ba ce, Belmiro. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Delfim ne ya riƙe Graciete ranar baftisma, za ka ce tare kuka yi soja, za ka ce mutum ba ya kai amininsa kotu. To shi aminin naka yana ina? Barci yake yi.

Ka sa farar rigarka, tana cikin aljihun tebur na ƙasa a goge. Ka aske gemu. In ka rubuto mini ba ka je ba, zan hau bas in zo in kai ka da kaina, in bar Graciete da jarirai biyu, alhakinsu a wuyanka.

Taka har kullum,
Idalina

*

Soutelo, Disamba 1997

Uwargida sarautar mata,

Gaisuwa da biyayya. Na je, na aske gemu, na sa farar rigar. Ki ajiye kuɗin bas.

Lauyar mace ce, sunanta Matilde Seixas, ba ta fi Graciete shekaru ba, tana shan taba kamar direban babbar mota. Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce, "Bari in fara da mai ɗacin. Mai zaman kansa na gaskiya, in wanda yake yi wa aiki ya daina kiransa, ba mai tilasta wa wancan ya ci gaba. Kamar mai gyaran famfo ne. Yau ka kira shi, gobe ka kira wani. Iyakar abin da zai iya nema shi ne, in an daɗe ana tare, a ba shi notis, kada a yanke masa rana tsaka. Yanzu bari mu gani ko kai mai gyaran famfo ne."

Sai ta shiga jero tambaya. Wa ke yanke lokacin da zan fito? Na ce Delfim. Wa ya tsara ƙauyen da zan fara da wanda zan ƙare? Delfim. Wa ke sa farashi? Delfim. Na taɓa ɗaukar kayan wani a motar? Na ce sau ɗaya na ɗauko wa wani cuku daga sama, Delfim ya ce motar burodinsa ba jakin kowa ba ce, ban ƙara ba. In ina son hutu fa? Na ce sai na roƙa.

Ta kashe tabar ta ce, "Kai ma'aikaci ne da aka sa wa hular ɗan kasuwa. Amma motar taka ce, rasit ɗin naka ne, wannan zai taimake su. Ina takardar yarjejeniya?"

Na ce musafaha kawai muka yi a bakin tanda.

Ta ce, "To sai shaida. Wa ya san duk abin da ka gaya mini?"

Idalina, mutum ɗaya ne ya sani. Ke nan in kira Delfim, da kumburarrun ƙafafunsa, ya tsaya gaban alƙali, ko dai ya yi ƙarya a kaina ko ya kayar da ɗan cikinsa. Na ce mata zan yi tunani. Ta ce in yi, amma irin wannan magana tana da wa'adi, ba a barinta ta kwana da yawa. Ta dai rubuta wa Rogério wasiƙa da yardata. Tun ranar in ya hango ni a Montalegre sai ya tsallaka titi.

Wani abu kuma, kada ki yi faɗa. Ranar Asabar na sayi burodi a shago da kuɗina kamar kowa, na hau sama. Da na danna hon a bakin ƙauyen su Custódia, sai ga tsofaffi suna fitowa da mayafi. Custódia ta kama kunnena ta ce, "Ɗan banza, wata biyu ina jiƙa busasshen burodi a miya kamar fursuna!" Ban ci riba ba, man mota ma ban mayar ba. Amma na yi barci a ranar.

Kirsimeti ba ke, ban san yadda zai kasance ba. Ermelinda ta ce in zo in ci kifi da su.

Naki,
Belmiro

*

Montalegre, Janairu 1998

Zuwa ga Idalina Afonso, uwar 'yata ta baftisma,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar sabuwar shekara, ina taya ki murnar jikoki. Ki yi haƙuri da rubutun.

Wasiƙarki ta iso ni kafin Kirsimeti. Ban san mijinki ya san kin rubuto ba, ni dai ban gaya masa ba. Kin kira ni matsoraci. Na ajiye takardar kwana da kwanaki ina neman inda kika yi kuskure, ban samu ba.

Amma ki ji nawa. Tun da aka buɗe babban kantin nan a bakin gari, rabin masu sayen burodinmu sun koma can. Akwai mutum shida da ke ci daga tandar nan. Rogério ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya kawo mini lissafi na ce masa to. Na ce ni zan gaya wa Belmiro da bakina. Kullum sai in ce gobe. Mutumin da ya ɗauke ni a bayansa a daji lokacin soja, ban san da wace fuska zan ce masa na gode, sauka lafiya ba.

An ce lauyarsa tana neman shaida. Ki gaya masa ya daina jin nauyina. Ya shigar da maganarsa, haƙƙinsa ne. In an kira ni zan zo, abin da aka tambaye ni kuma zan faɗa yadda yake. Ɗana zai yi fushi da ni. Ya yi, ni na haife shi.

Ki gaya masa da kanki. Ni har yanzu ban iya ba.

Mai girmama ki,
Delfim Barroso

*

Soutelo, Maris 1998

Idalina,

Ina gaishe ki da kyau, ke da kika iya aika wa mutane wuta a cikin ambulan ba tare da mijinki ya sani ba. Za mu yi wannan maganar in kin dawo. Yau dai ga labari.

An zauna ranar Talata a kotun ƙwadago, a ƙaramin ɗaki, don a gwada sulhu kafin shari'a. Rogério ya zo da lauyansa, bai dube ni ba. Muna shirin farawa sai ga Delfim an riƙo shi, da sanda, cikin baƙar kwat ɗin nan da yake zuwa jana'iza da ita. Ya zauna yana haki.

Lauyan Rogério ya yi dogon bayani cewa ni ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, ina da 'yancin zuwa da ƙin zuwa. Delfim ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ƙin zuwa? Ranar da matarsa ke naƙuda ma sai da ya kai burodi ya dawo, don na ce masa ba mai zuwa in ba shi ba."

Rogério ya ce, "Baba, ka san abin da kake yi mana kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Ni na sa masa lokaci, ni na sa masa hanya, ni na hana shi ɗaukar kayan kowa. In wannan shi ne zaman kai, to ni ma Fafaroma ne."

Alƙalin ya sunkuyar da kai yana gyara takardu, na ga kafaɗarsa tana motsi.

Aka ba mu lokaci mu fita mu yi shawara. Matilde ta ja ni gefe ta ce yanzu in na so zan iya neman a mayar da ni a matsayin cikakken ma'aikaci, ko in nemi diyya mai nauyi, kuma tana ganin za mu yi nasara. Na leƙa ta taga na ga Rogério a tsakar gida shi kaɗai, ya dafe kai da hannu biyu. Na tuna mutum shidan nan da ke bakin tanda. Na kuma tambayi kaina ko ina son in koma in riƙa karɓar umarni daga wanda ba ya son ganina. Na ce mata a'a. Ta ce, "To kada ka fita hannu rabbana don kunya. Kunya ba ta sayen man mota."

Ga abin da aka tsayar. Za su biya ni kuɗin sallama na shekarun nan, kaɗan-kaɗan har zuwa kaka, yadda ba zai karya su ba. Ƙauyukan sama sun zama nawa. Zan riƙa sayen burodi a wurinsu a farashin sari in sayar da kaina, in ɗauki kayan duk wanda na ga dama, cuku ne, tukunyar gas ce, maganin tsofaffi ne. Wanda zai janye a cikinmu sai ya ba ɗan'uwansa notis. Duk an rubuta, kowa ya sa hannu. Matilde ta ce na yi sassauci da yawa, ta faɗa sau biyu.

Rogério ya sa hannu ya fita abinsa. Gyara tsakanina da shi zai ɗauki lokaci, ko kuma ba zai gyaru ba, ban sani ba.

Delfim kuwa ya tsaya a bakin matakala ya kasa sauka. Na je na ba shi kafaɗa. Muka sauka a hankali. Da muka kai ƙasa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka rame." Na ce matata ba ta nan. Ya ce, "Matar nan taka, Allah ya raba mu da alƙalaminta." Sai muka yi dariya, daga nan ya fara kuka, a tsakiyar titin Chaves, mutane suna wucewa. Ni na kai shi gida a motata.

Na fara aiki. Wata mata a Salto tana gasa baƙin burodi irin na da, ita ma na fara ɗaukar nata. Abin da ke shigowa bai kai na da ba, kada in yi miki ƙarya, amma zai riƙe mu. Abin mamaki, Idalina, na kusa shekara sittin, yau ne karo na farko da na tashi da safe ba ni da ubangida. Ba mai ce mini tafi, ba mai ce mini dawo.

Bishiyoyin lambu sun fara fure. Gadon nan ya yi mini faɗi.

Mijinki mai kewarki,
Belmiro

*

Clermont-Ferrand, Afrilu 1998

Belmiro nawa,

Gaisuwa da barka. Na karanta wa Graciete, ta yi kuka, Armindo ya buɗe kwalba. Ka yi daidai, har da inda ka yi sassaucin.

Yara sun yi ƙwari, uwarsu ta miƙe. Na sayi tikiti. Ka tare ni a tashar Chaves ranar Juma'a da rana, ka share kujerar gaba.

Ka ce ba mai ce maka tafi, ba mai ce maka dawo. Ka more sauran kwanakin nan da kyau.

Sai na iso,
Idalina